Tambayar Da Ba A Yi Wa Suruki

Da a ce Isiyaku ya ja bakinsa ya yi shiru a ranar nan, da tuni an sha biki an watse, da yanzu Hajara tana ɗakinta tana yi masa mita a kan cefane. To amma Isiyaku mai kemis ne, kuma irin masu kemis ɗin nan ne da ko maganin mura ba su iya miƙa wa mutum sai sun tsare shi da tambayoyi kamar ɗan sanda. Halin nan shi ya ja masa, ya ja mata.

Malam Garba, mahaifin Hajara, a masaƙar Kakuri ya ƙarar da ƙarfinsa, tsaye gaban inji tun yana saurayi har furfura ta cim masa. Da masaƙa ta gama da shi sai ta sallamo shi gida da ciwon baya da gwiwoyi biyu masu kuka kamar tsohon ƙyaure. Duk unguwar Makera kuwa an san maganin irin wannan ciwo. Aikawa ake yi kemis a ce a haɗo na ciwon jiki. Mai kemis ya buɗe robobinsa, ya tsinto ja, ya tsinto rawaya, ya ɗora wata 'yar mitsitsiyar fara a kai, ya ƙulle a leda. Mai saye ba ya tambayar sunan ƙwaya, mai sayarwa bai damu ya ga mai ciwon ba. Haɗi ke nan, kuma da shi rabin tsofaffin ma'aikatan masaƙa suke iya miƙewa su yi alwala.

Hajara ce ake aika sayen maganin, a nan suka san juna da Isiyaku. Magana ta yi nisa, manyansa sun zo gaisuwa an karɓa, sa rana kaɗai ta rage.

Sai ranar tsautsayi ta zo. Isiyaku ya je gaishe da Baba bayan la'asar, ya tarar da shi kan tabarma a ƙofar gida tare da abokansa na masaƙa. Sun kewaye rediyo ana ta musu, shin farar hular nan da suka karɓi mulki za su farfaɗo da masaƙu, ko su ma nasu cikin suka zo cikawa. Ya cire takalmi ya durƙusa.

Baba ya ce da fara'a, "Yawwa, ga likitanmu. Anjima ka haɗo mini irin na rannan, amma ka ƙara masa ƙarfi."

Hajara tana laɓe a zaure tana jin su. Ita ce ta gaya wa Isiyaku cewa Baba yana fama da zafin ciki kwanan nan, ba ta san da bakinta ta haƙa ramin ba.

"Baba, na ji an ce ciki yana damunka. Zafin kafin ka ci abinci yake zuwa ko bayan ka ci?"

"Ƙwannafi ne kawai na tsufa."

A nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Isiyaku bai tsaya ba.

"To Baba, in ka zaga bayan gida, abin da ke fita baƙi ne? Kamar kwalta haka?"

Rediyo kaɗai ya ci gaba da magana. Malam Tagwai, aminin Baba, ya kama tarin ƙarya. Wani tsohon ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Jama'a, mai neman 'yarka, wanda ko sunanka bai isa ya kama ba, ya tambaye ka launin abin da ka baro a masai, a gaban mutanen da kuka yi shekara da shekaru kuna ganin girman juna!

Baba ya ce, "Tashi."

"Baba, don lafiyarka na..."

"Tashi ka ba ni wuri. Kada ƙafarka ta sake taka ƙofar gidan nan."

* * *

Ba a daɗe ba sai ga Zakariyya'u. Shi ma mai kemis ne, amma nasa babba ne a bakin titi, da firji da fanka da farar riga da yake ratayawa a kafaɗa. Dakta Zakari ake ce masa, duk da ƙofar makarantar likitoci ma bai san inda ta kalla ba. Ya jima yana son Hajara, ita ce ba ta ba shi fuska ba. Da labarin tambayar kwalta ya iso masa, don kafin magariba ya gama unguwa, bai ɓata lokaci wajen 'yar ba, uban ya nema. Kullum da safe zai tsayar da babur, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai kyau, ya ajiye ƙullin haɗi. Tambayarsa ɗaya ce tak: "An tashi lafiya, Baba?"

Abin da ya ruɗa Hajara shi ne maganin ya yi aiki.

Baba da yake salla a zaune, sai ga shi yana takawa masallaci babu sanda. Fuskar nan da ta zabge ta ciko, kumatu suka fito, har maƙwabta suna tsokanarsa wai ko sabuwar gwamnati ta ba shi kwangila ne a ɓoye. Inna kuwa ta sa Hajara a gaba.

"Ke dai ga shi kina gani da idonki, gani ya kori ji. Wancan ya hana ubanki magani ya kuma ci masa mutunci a bainar jama'a, wannan ya tashe shi tsaye. Ba mai yi miki dole, ke ba yarinya ba ce. Amma Malam ya ce in dai Isiyaku ne, ki nemi wani waliyyin, ba shi ba."

Hajara ta yi kuka har ta gode Allah. Tana son Isiyaku, ba ta kuma iya tunanin ɗaurin auren da Baba ba ya zaune a wurin. Ta ji haushin Isiyaku da bakinsa mara linzami, ta ji haushin Zakari da ladabinsa mai santsi, ta ji haushin kanta da take murna duk lokacin da ta ji takun Baba yana dawowa daga masallaci.

Ita tela ce, shagonsu ɗaya da ƙawarta Comfort a bayan kasuwar Kakuri. Can Isiyaku yake lallaɓowa ya gan ta tunda an hana shi gida. Ranar da ya zo ana yayyafi, ya tsaya a bakin ƙofa, duk ya rame wuya ya fito.

"Na hango Baba a masallacin Juma'a," ya ce.

"Ka ga yadda ya murmure ko?"

So take ya ce e. So take ya ce ya yi kuskure, a samu manya su je ba da haƙuri a wuce wurin.

"Ba murmurewa ba ce, Hajara. Kumburi ne."

Ta tsayar da keken ɗinki. "Kai dai ba ka iya faɗin alheri ba?"

"'Yar farar ƙwayar nan ita ke cika fuska ta lulluɓe ciwo. Ja da rawayar kuma ciki suke ci a ɓoye. Ba zan yi miki ƙarya ba, ni ma na sayar da haɗin nan, duk mun sayar, har shi Baban na haɗa wa. Amma ba a ba mai zafin ciki. Guba ce a gare shi."

"Kishi ne ke damunka."

"Akwai kishin," ya ce a hankali. "Ina kishi kamar in mutu. Amma ko ƙanena ne yake ba shi, abin da zan faɗa ke nan."

Hawaye suka zubo mata. "Kai ka ce guba, idona ya ce magani. Inna ta ce kai ne mugun, zuciyata ta ce ba kai ba ne. Ni wa zan bi? Da ka yi shiru rannan da duk ba a zo nan ba!"

"Da na yi shiru da na haɗa masa mai ƙarfi, kamar yadda ya ce. Kin fi son haka?"

Ta ci gaba da taka keken ɗinki. Ya jira, ya gaji, ya juya cikin yayyafin ya tafi.

Ta dubi ƙawarta. "Comfort, ke me kika gani?"

Comfort ta zare allura daga bakinta. "Ni kam, sista, ban sani ba o. Mamana tana shan miks ɗin nan tun ina firamare, ga ta can Kamazou tana noma, ta fi ni ƙarfi. Amma kawuna Istifanus na Romi, shi ma shi yake sha. Ran nan kawai ya kama aman jini a wurin aiki. Kafin a samo mota..." Ta girgiza kai.

"To wanne zan ɗauka a ciki?"

"Abeg, kar ki sa ni a ciki. Babanki ne."

* * *

Baba bai iya haɗiyar ƙwaya ba tun yana yaro. Sai an murƙushe masa da cokali an dama a koko, kuma Hajara ce mai wannan aiki. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai Uwata, yana cewa hannun uwa ya fi albarka.

Washegari da safe ta tsaya a madafi da ƙullin Zakari a hannu. Ta kwance, ta ƙulle, ta sake kwancewa. In Isiyaku ne mai gaskiya, da hannunta take ba ubanta guba. In kuwa Zakari ne, da hannunta za ta mayar da shi salla a zaune. Sai kawun Comfort ya faɗo mata a rai. Ta runtse ido ta watsa ja da rawaya da 'yar farar a kwata, ta murƙushe farasitamol zalla ta dama masa.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata," in ji Baba, ya shanye tas.

Albarkar nan ta tsaya mata a zuciya yini guda. Duk da haka ta sake washegari, ta kuma sakewa. Ba ta gaya wa kowa ba, har Isiyaku. So take sai kumburin ya saɓe ta je masa da albishir.

Albishir bai zo ba. Baba ya fara da kasala, ya ce ji yake kamar an zare masa laka. Sai jiri, sai abinci ya fita kansa. Wata safiya da hantsi ya miƙe zai ɗauki buta, sai ji suka yi rim, ya zube a tsakar gida. Ya kama amai, gumi mai sanyi yana karyo masa.

Inna ta saka salati, ta ƙwala wa Malam Tagwai kira ta kan katanga a je a zo da Dakta Zakari. Hajara ta fizgi mayafi ta fita a guje, takalmi wari da wari.

Ta tarar da Isiyaku a ɗan shagonsa na cikin lungu yana fama da wani birkila mai ciwon kafaɗa. Ya ba shi man shafawa da farasitamol, ya ce ya huta wa bulo, in bai sauka ba ya je a duba shi. Birkilan ya fita yana ƙunƙuni wai shi haɗi ya ce a ba shi, ba wa'azi ba.

"Baba ya faɗi!" Hajara ta faɗa tana haki. "Yana ta amai, ba ya iya tashi. Kuma wallahi ba haɗin ba ne, don na daina ba shi. Zubarwa nake yi."

Isiyaku ya dafe kantar shagon. "Kin daina? Gaba ɗaya? Rana ɗaya?"

"Ba kai ka ce guba ce ba?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Hajara, 'yar farar nan ba a yanke ta lokaci guda. In jiki ya saba da ita watanni, a hankali ake janyewa. In an yanke, jikin ne ke zubewa."

Garin neman gira ke nan.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ban san za ki yi ba! Na ɗauka za ki lallashe shi ya je asibiti ne."

"To in koma in dama masa yanzu? Akwai na yau."

"A'a! Ja da rawayar za su ƙarasa cikin."

"In tsince farar in ba shi ita kaɗai?"

"Yana amai, ba za ta zauna ba. Kuma in cikin yana zubar da jini..."

"In bari ke nan?"

"A'a, ba a bari."

Ta buga kantar da hannu biyu, robobin magani suka yi tsalle. "Isiyaku, ka gaya mini abu ɗaya! In ba shi, ka ce a'a. In hana shi, ka ce a'a. Ubana ne fa yake kwance! Kai ka san komai rannan a gaban mutane, yau kuma ka rasa ta cewa?"

Idanunsa suka kawo ruwa. "Ban sani ba, Hajara. Wallahi ban sani ba. Ni mai kemis ne, ba likita ba, iyakata ke nan. Abin da na sani ɗaya ne, a kai shi asibiti yanzu, kafin wani ya soka masa allura."

"An aika kiran Zakari."

Ko kulle shagon bai tsaya yi ba. Ya ja ƙyauren kawai, suka fita titi ya tare tasi.

* * *

Sun tarar da Baba a rumfa, an jingina shi da Inna, leɓunansa sun yi fari. Malam Tagwai yana tsugune yana yi masa fifita. Zakari ya buɗe jakarsa a kan tabarma, ya riga ya zuƙi ruwan allura yana ɗaga sirinji sama.

Isiyaku ya ja ya tsaya a bakin zaure, inda aka yi masa iyaka. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi allurar, sannan ya tsallako.

"Zakari, don girman Allah kada ka yi masa allurar nan."

Baba ya ɗaga ido da ƙyar. "Wa ya ba wannan izinin shigo mini gida?"

Zakari ya ce, "Malam Isiyaku, sana'a ɗaya muke yi, kada ka nuna mini ka fi ni tsoron Allah. Talaka ya zo maka yana nishi, ka ce ya tafi asibiti ya bi layi tun asuba, a ƙarshe a rubuta masa abin da ke kan kantata? Duk garin nan haka ake yi. Watanni ina ba Baba haɗin nan, ka taɓa jin ya faɗi? Ni ban ma gane abin da ya faru ba, ko yau da safe na kawo masa."

"Bai sha ba."

Kowa ya juyo. Hajara ce, ta durƙusa a tsakar gida.

"Kwana biyun nan duk bai sha ba. Ni nake zubarwa a kwata, farasitamol nake dama masa."

Inna ta dafe ƙirji. Baba kuwa bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Kallonta kawai ya yi.

"Uwata? Ke? Ina sa miki albarka kina..." Ya haɗiye sauran. Ya nuna Isiyaku da yatsa. "Shi ya sa ki?"

Ta buɗe baki za ta ce a'a, Isiyaku ya riga ta.

"Maganata ce ta jawo, Baba. Na faɗa mata rabi na bar rabi. Laifin nawa ne. Amma ga mota a waje, don Allah ka bari a kai ka asibiti."

"Ka tozarta ni a waje, bai ishe ka ba, ka biyo ni cikin gida ka juya mini 'ya. Ba inda za ni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zakari, yi mini allurata."

Zakari ya matso. Sai idonsa ya faɗa kan kwanon da Baba ya yi amai a ciki. Akwai wani abu baƙi-baƙi a ciki kamar an barbaɗa garin gawayi. Hajara tana kallo ya sauke sirinjin.

"Baba," Zakari ya ce, muryarsa ta sauka, "ko dai a ɗan je ɗin? Ba don komai ba..."

"Har da kai?" Baba ya yi nishi. "Na gane. In na bi yaron nan yau, gobe duk Makera a ce shi ya cece ni. A ce tambayar da ya yi mini daidai ce. In buɗe ido in ga na ba shi 'yata a kan dole, ina sunkuyar da kai a gaban surukina har in mutu. Gara in mutu a tabarmata da mutuncina."

Inna ta fashe da kuka. "Malam, ka dubi Allah!"

Malam Tagwai ya ce, "Garba, wannan ba lokacin zuciya ba ne."

Baba ya rufe ido ya juyar da kai. Duk wanda ya san shi ya san an gama magana.

Sai Isiyaku ya tako ya durƙusa a gaban Baba, daidai irin durƙuson da ya yi ranar tsautsayi.

"Baba, in don wannan ne, ba za ka sunkuyar da kai a gabana ba har abada. Ga Baba Tagwai shaida, ga Inna, ga Zakari. Na rantse da Allah, in ka shiga motar nan aka kai ka asibiti, na janye daga neman Hajara. Ba zan zo ba, ba zan aiko ba, ba zan tare ta a hanya ba."

"Isiyaku!"

Hajara ba ta taɓa kama sunansa a gaban iyayenta ba sai yau. Ta miƙe, mayafinta ya zame.

"Da izinin wa? Ni kayan kanti ce da za ka mayar in ka ga dama? Ka tambaye ni? Kai mai tambayar kowa komai, ni ba ka tambaye ni ba!"

Bai juyo ba. Hawaye suna ɗiga daga haɓarsa a kan tabarma, amma bai juyo ba.

"Baba Tagwai, ka ce masa ya janye rantsuwar! Inna, ki ce wani abu mana!"

Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Ita kanta Hajara ba ta san me take roƙo ba, don in ya janye rantsuwar Baba ba zai tashi ba, in Baba ya tashi ta rasa Isiyaku. Ta tsaya tsakanin su biyun tana kuka, ta rasa wanda za ta riƙe.

Baba ya buɗe ido ya daɗe yana kallon saurayin da ke durƙushe a gabansa.

"Tagwai, ka ji?"

"Na ji."

"To ku kama ni."

Isiyaku ne ya goya shi. Ya ratsa zaure da shi a hankali, ya kwantar da shi a kujerar baya, ya gyara masa ƙafafu. Ya miƙa wa Zakari hannu, Zakari ya ciro ƙullin haɗi ɗaya daga jaka ya ba shi ba musu. Hajara ta matso za ta karɓa, amma Inna ya miƙa wa.

"Inna, ku nuna wa likita wannan. Ku gaya masa tun yaushe yake sha, da ranar da aka daina ba shi, da abin da kuka gani a kwano. Kada ku ɓoye komai, ko da abin kunya ne."

Inna ta shiga gaba. Hajara ta shiga baya ta ɗora kan Baba a cinyarta, ta bar ƙofa a buɗe, ta matsa ta bar wurin mutum ɗaya. Isiyaku ya kama ƙofar ya rufe ta daga waje.

Mota ta fita daga Makera ta kama babban titi, tana wuce katangun da har yanzu hotunan 'yan takara suke manne, ruwan sama ya wanke musu fuska. Inna tana ta jan salati a gaba. Da suka hau gada, kogi ya cika ya yi jajawur da ruwan damina, sai Hajara ta ji Baba ya matse mata yatsu.

"Uwata."

"Na'am, Baba." Ta sunkuya ta kai kunne bakinsa.

"Abin nan da yaron ya tambaye ni rannan." Ya tsaya ya ja numfashi. "Haka yake. Tun kafin ya tambaya haka yake. Baƙi ƙirin."

Hajara ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Baba! To me ya hana ka faɗa?"

"A gaban su Tagwai?" Ya lumshe ido. "Likita kaɗai za ki gaya wa. Sauran ki bar shi a cikinki."

Ta rasa abin da za ta yi da wannan magana. Ta yi fushi da tsohon da ke numfashi da ƙyar a cinyarta? Ta gode wa wanda ya sayar da ita don ya cece shi? Ta juya ta leƙa ta gilashin baya, ko za ta hango wata tasi tana biye da su, ko wani mai gudu a ƙasa.

Babur ɗin Zakari kaɗai ke biye. Isiyaku mutum ne mai cika alkawari, abin da ta fara so a wurinsa ke nan.